Yatsu Arba'in da Ɗaya Daga Gwaram

Osaka, 3 ga Maris, 1977

Zuwa ga Safiyatu,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da mutanen Birnin Kudu. Albishirinki, na ga gida. Nan da tabarma ake auna ɗaki, namu mai tabarma shida ne, ga famfo a ciki, ga jirgin ƙasa yana wucewa ta bayan taga. Tun da na gan shi na kasa zama wuri ɗaya.

Kin san a makwancin gwauraye na masana'antar da gwamnati ta turo mu koyon gyaran tarakta nake, kuma ba za a ba ki takardar shigowa ba sai ina da gidan kaina. Gida tara na zaga, da sun ga baƙo sai su sunkuya cikin ladabi su rufe ƙofa. Wata tsohuwa mai wannan gidan ce kaɗai ta yarda, amma sai ɗan ƙasa ya tsaya mini, ya buga hatiminsa. Na roƙi shugabanmu a wurin aiki, Malam Okuda, ya ce wata huɗu bai isa a san mutum ba. Tsohuwar ta ba ni zuwa ƙarshen Afrilu. Ki taya ni da addu'a, kewarki ta ishe ni.

Naki,
Iliyasu

Birnin Kudu, 23 ga Maris

Zuwa ga Malam,

Gaisuwa da ladabi. Tabarma shida har da albishir? Akurkin kajin Inna ya fi haka. Amma ko biyu ce ina so.

Tun da mutumin ya ce bai san ka ba, sai na hau mota zuwa Gwaram wurin waɗanda suka san ka tun kana yawo ba wando. Malam Jonah na firamare ya buga shaida da Turanci, mai unguwa ya fara dangwala yatsa, liman ya bi, har masu faci na tasha. Mutum arba'in a yini ɗaya.

Ƙanin mahaifinka ne ya tsayar da mu. Bappa Manu ya ce, "Ni ba na dangwala wa yabo zalla. A rubuta cewa yaron nan in ya ga abu mai kusa sai ya kwance shi. Rediyona tun da ya buɗe ta ba ta sake magana ba." Na yi magiya har na gaji, ya naɗe hannunsa cikin riga. Dole aka ƙara, sannan ya zama na arba'in da ɗaya. Ga ta nan cikin ambulan. Kada ka goge komai, na san halinka.

Taka,
Safiyatu

Osaka, 16 ga Afrilu

Zuwa ga Safiyatu,

Gaisuwa cikin murna. Kwana uku takardar nan tana aljihuna saboda kunya. Ina neman a ba ni amanar gida, Bappa yana tona mini asiri. Har na ɗauko reza, sai na tuna maganarki.

Okuda ya karanta fuska a ɗaure, yana bin yatsun ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso kan rediyo sai ya tuntsire da dariya har da riƙe tebur. Ashe shi ma agogon mahaifinsa ya kashe yana yaro. Ya ce da yabo ne kaɗai da ya mayar mini, amma garin da ke faɗin aibin ɗansa ba zai yi ƙarya a sauran ba. Jiya ya buga jan hatiminsa a takardar haya, ya ƙara wani kusa da yatsan Bappa.

Mabuɗi yana hannuna, Safiyatu. Sharaɗin tsohuwar ɗaya ne, kada in kusanci rediyonta. Ga adireshin, ki kai Legas a buga miki takarda. Sai dai na duba sunayen nan sau biyar, ban ga yatsanki ba. Ko ke ba ki yarda da ni ba?

Naki har kullum,
Iliyasu

Birnin Kudu, 20 ga Mayu

Zuwa ga Malam,

Gaisuwa a gurguje, ina ɗaurin kaya. Takarda ta fito. Bappa ya ce a gaida Okuda, kuma har yanzu yana jiran rediyonsa.

Yatsana ba na aikowa a ambulan ba ne. Ka share tabarmin nan shida, ranar Talata zan kawo shi da kaina.

Taka,
Safiyatu