Ƙarfen da ke cikin firizarki

Maman Kausar,

Na fita tun asuba, ban so in tashe ki ba. In kin buɗe firiza za ki ga wani zoben ƙarfe a cikin leda. Kar ki firgita, kar kuma ki fitar da shi. Sabon bushin ne na injin huda dutsen nan namu na Gwaram, jiya aka kawo shi daga Kano. Mun yi ta fama ya ƙi shiga gurbinsa. Sai ya sha sanyi ya tsuke sannan zai shiga.

Ki yi haƙuri, kunun ayarki na fitar don ya samu wuri. Na san na masu saye a bakin asibiti ne. Na lulluɓe shi da jiƙaƙƙen buhu, Allah Ya sa bai yi tsami ba.

Mika'ilu abokin aikina zai zo da babur da hantsi. Ki sa ƙarfen a babbar kularki, ki cika ta da ƙanƙara, ki miƙa masa. Don Allah kar ki biye masa da gaisuwa, kin san shi da surutu. In sanyin ya fita a hanya, mun yi aikin banza.

Ni na wuce in share gurbin kafin ya iso. Alhaji mai kamfanin ya ce in injin bai tashi yau ba, gobe zai kira wani a madadina.

Faɗan kunun kuma ki ajiye min shi. In na dawo da aikina a hannu, zan zauna in sha shi duka.

Abdurra'uf