Tsakuwar Kiyoto

Yamai, Lahadi 10 ga Maris 1985, ƙarfe goma da kwata na safe. Ina rubutu a ɗakin Hamsatu maƙwabciyarmu, don ƙofar gidanmu a karye take.

Zuwa ga Yaya Zeinabou,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da Inna da dukan mutanen gida a Tawa. Yaya nauyin jiki? Allah ya sauke ki lafiya. Ban bi da wannan takarda ta gidan waya ba. Amadou, abokin tuƙin maigidanki, shi zai ba ki hannu da hannu. Ki karanta ke kaɗai tukuna kafin Inna ta ji.

Sojoji sun tafi da maigidanki Yaya Dauda jiya bayan magariba. Da ƙafarsa ya hau motarsu, wannan na gani da idona. Zan faɗa miki yadda aka yi, kuma abin da ban gani ba zan ce ban gani ba.

Kin san tun da na dawo daga koyon noman shinkafa a Japon yake tsokanata, Bajapone yake kirana. Kafin a sallame mu an kai mu wani tsohon birni, Kiyoto, mai gidajen ibada na katako. Ana cire takalmi a ƙofa kamar masallaci. Da fargaba na shiga, saboda akwai gumaka a ciki, ban kuwa rusuna wa ko ɗaya ba. Na ɗauko hotuna irin waɗanda ake haskawa a bango. Yaya Dauda ya yi ta ɗaga su yana duba su a rana, yana cewa an tura ni ƙasar shinkafa na dawo masa da hoton gidan tsafi. Shi ne kuma ya ce in aro majigi a biro, wurin aikina, mu nuna wa mutanen unguwa, su ga abin da ya cinye ƙaninsa wata biyar.

Na gayyaci abokan aikina, ba su san gidan ba. Sai na rataya wata ƙaramar tuta da aka ba ni a can a bakin ƙofa, don su gane. Farin ƙyalle ne da jar da'ira a tsakiya. Ban tuna cewa irin wannan alamar ce a jikin wasu buhunan shinkafar agaji ba. Mutanen da fari ya koro, waɗanda suka kafa bukkoki wajen unguwar Bobiel, ba su iya karatu ba, amma sun san wannan jar da'irar sarai.

Bayan la'asar na ga mata suna zama a gindin katangarmu da kwanoni. Na ɗauka inuwa suke nema. Hamsatu ce ta shigo da gudu ta ce in sauke tsumman nan tun ban kashe mutane ba, don labari ya kai har kasuwar Katako cewa wanda ya dawo daga Japon zai yi rabo yau. Na sauke, amma lungu ya riga ya cika.

Yaya Dauda ya hau kan turmi ya yi musu magana ta saman katanga, da Hausa da Zabarmanci, ya rantse babu ko tiya ɗaya a gidan sai hotuna. Ba wanda ya tashi. Da aka idar da salla sai ya ce in kunna majigin, zai buɗe ƙofa su shigo su gani da idonsu, hankalinsu ya kwanta. Na ce ina jin tsoro. Ya yi dariya ya ce Bajapone ba ya rabuwa da tsoro ko a gidan yayarsa.

Yana zare sakata suka ɗauka rabo ya fara. Ƙofar ta fita daga jikin bango ta faɗo a kan wani tsoho. Na baya suna turo na gaba, na gaba suna taka waɗanda suka faɗi. Wata mace ta miƙo mini jaririnta ta saman kawunan mutane, na karɓa na ba Hamsatu, ban sake ganin uwar ba sai da asuba, da haƙoranta na gaba a zube.

Ana cikin haka kamiyon sojoji, babbar motar nan tasu, ya tsaya a bakin lungu. Ba su tambayi kowa komai ba. Da ɗamararsu mai kan ƙarfe suka fara, daga baya gindin bindiga. Lungun hanya ɗaya gare shi, su kuwa sun tare ta, don haka duk mai son fita sai ya bi ta tsakiyarsu. Na ji ƙarar ƙashi yana karyewa. Majigin bai mutu ba duk tsawon wannan, hoton wani gida mai rufin zinariya a bakin tafki yana kan zanen gadonki da muka rataya, inuwar mutane tana gilmawa a kansa.

Sarjan ɗinsu ya tambayi mai gida. Na ce hotunan nawa ne, tutar ma tawa ce. Yaya Dauda ya ture ni gefe ya ce, "Rabu da shi, ɗan lakkol ne, karatu kawai ya sani, gidan nawa ne." Da suka ji direba ne mai ɗaukar hatsin agaji zuwa arewa, sai sarjan ya buga masa gindin bindiga a kunci, ya ce ga ɓarawon ya kawo kansa. Sun kwashe majigi da hotunan duka.

Kin san abin da ake yi yanzu wa wanda aka ce ya ɓoye abincin agaji. Gobe zan fita nemansa. Ki gaida Inna, ki yi masa addu'a.

Ƙaninki,
Kabiru

Yamai, Alhamis 14 ga Maris 1985, ƙarfe biyu na rana, a ɗakin Hamsatu. A kife nake rubutu, bayana ba ya taɓa tabarma.

Yaya Zeinabou,

Ina gaishe ki, ina gaida Inna. Ina fata jikinki da sauƙi, kina kuwa cin abinci ko babu daɗi. Amadou ya ce kin karanta takardata, kin ce a gaya mini ba ki ga laifina ba. Na gode, amma ki karanta wannan tukuna.

Na same shi ran Talata, a wani ƙaramin bariki a gefen gari. Na gaya wa na bakin ƙofa ni ne mai hotunan, na zo in yi bayani. Na tafi da takardar shaidar karatuna da fasfo, ina zaton za a duba. Ba a duba ba.

Aka kai ni wani ɗaki da aka toshe tagoginsa da barguna. Majigin yana kan tebur. Babbansu ajidan ne, mai furfura a gemu, ba ya ɗaga murya. Yaya Dauda yana durƙushe a ƙasa, hannuwansa a ɗaure ta baya, idonsa na hagu ya kumbura ya rufe. Da ya gan ni ya girgiza kai, ya ce wa ajidan ai ga malamin silima ya iso, a ba shi kujera. Wani soja ya shure shi a ciki.

Ajidan ya ce sun kalli hotunan sun gane wasu abubuwa, amma yana so ya ji daga bakina, ɗaya bayan ɗaya. Na fara. Na nuna musu jajayen ƙofofin da aka jera kan dutse, mutum yana tafiya a cikinsu kamar a rami. Na nuna inda ruwa ke zubowa daga gefen tudu ta bakin kwararo uku, mutane suna tara da ludayi mai doguwar mariƙa suna sha. A kan wannan wani soja daga baya ya tambaya ko duk shekara haka yake zuba. Na ce haka aka gaya mana. Da aka zo kan wani babban gini na katako, ajidan ya ce sito ne. Na ce gidan ibada ne. Ya bar ni na wuce.

Sai hoton lambun duwatsu ya fito. Fili ne mai katanga, babu shuka a ciki, an shimfiɗa farar tsakuwa, an ja ta da manjagara layi-layi, ga wasu manyan duwatsu nan da can. Mutane suna zama a kan dakalin katako su yi ta kallonsa, shi ke nan. Ni kaina da na zauna a wurin sai na tuna gonar Baba bara, na rasa abin da ya sa mutanen da ruwa ya yi musu yawa suke gina wa kansu fari su kewaye shi da katanga.

Ajidan ya ce in tsaya a nan. Ya ce shi ɗan Gaya ne, a cikin shinkafa ya girma, ya san shanyar shinkafa in ya gan ta. Ga ta fara tas, an baza an ja ta, ga duwatsun danne tabarma, ga masu gadi zaune. Yaya, in kin ga hoton a bango ba za ki ce ƙarya yake yi ba. Haka take kama.

Na ce tsakuwa ce. Ya ɗaga yatsa, aka zuba wa Yaya Dauda ɗamara a wuya. Ya tambaye ni wane mahaukaci ne zai gina katanga da rumfa don ya zauna kallon tsakuwa. Na ce addininsu ne, na taka gefen wurin, na ga wani mai aski ƙwal yana jan ta da safe. Aka sake dukansa. Duk lokacin da na ce tsakuwa, shi ake duka, ni ba a taɓa ni ba. Kan ƙarfen ya tsaga masa kunne, jini yana bin wuyansa yana ɗiga a siminti. Na yi ta ƙara bayani, girman filin, sunan wurin, ranar da muka je, ina ganin in na faɗi daidai za su gane. Sai Yaya Dauda ya ɗago kai ya ce mini, "Kabiru, ka ce shinkafa ce." Rabon da ya kira ni da sunana na manta.

Na ce shinkafa ce.

Aka daina dukan. Ajidan ya sa aka ba mu ruwa. Sannan ya ce madalla, yanzu an fara gaskiya. Tunda Japonawa sun nuna mini ita, na rataya tutarsu a ƙofa, surukina kuma yana da kamiyo a hannu, saura in faɗi inda aka sauke ta. A nan suka kwantar da ni. Ban iya faɗa miki yawan bulalar ba, na ɓata lissafi. Na koma cewa tsakuwa ce, suka ce ai na riga na amsa.

Yaya Dauda ne ya tsayar da su. Ya ce yaron bai san komai ba, shi ya ɗauke ta shi kaɗai, ya ɓoye a daji, kuma in an sake ni zai kai su wurin da kansa. Na yi ihu na ce babu wani wuri. Ya ce musu kun ji ko, ai ya gaya musu ban sani ba.

Jiya Laraba da hantsi suka jefo ni waje. Ina zaune a bakin hanya kamiyon ya fito, Yaya Dauda yana gaba a tsakanin direba da sarjan, yana nuna musu hanya da haɓa. Ya gan ni. Bai yi mini wata alama ba.

Hamsatu tana gasa mini baya da ruwan zafi. Tana gaishe ki.

Ƙaninki,
Kabiru

Yamai, Litinin 18 ga Maris 1985, ƙarfe bakwai na safe, a tashar motocin Tawa, Amadou yana jirana in gama.

Yaya Zeinabou,

Gaisuwa da fatan alheri gare ki da Inna. Na ji kin ce za ki taho. Don Allah kada ki hau mota da wannan cikin, babu abin da za ki yi a nan wanda ba mu yi ba.

Na koma barikin ran Juma'a da ran Asabar. Na bakin ƙofa ya ce ba su taɓa tsare wani direba ba, ya ce in na sake zuwa zan kwana. A biro shugabana ya ce in zauna a gida har a neme ni. Abokan tuƙin Yaya Dauda sun raba hanyoyi a tsakaninsu, kowa yana tambaya a inda ya tsaya. Wani mai sayar da itace ya gaya wa Amadou ya ga kamiyon sojoji ya bi hanyar Walam ran Laraba da hantsi. Wata mai abinci kusa da barikin ta ce ta ga ya dawo ran Alhamis da yamma, tampol a sauke, mutum biyu a gaba. Ni ban ga ko ɗaya daga cikin wannan ba. Tsohon da ƙofa ta danne ya rasu a gidan likita, an binne shi ba a san garinsu ba.

Na gyara ƙofar gidan. Kayanki suna nan yadda kika bar su, sai zanen gadon da ban samu ba. Ki gaida Inna, ki ce ta yafe mini rashin zuwa, ba zan bar Yamai ba sai na ji wani abu tabbatacce. Allah ya tsare ki.

Ƙaninki,
Kabiru

Kin ce kada in ɓoye miki komai, to ga abin da ban sani ba har yanzu.

Ban sani ba ko kamiyon da mai itace ya gani shi ne nasu.

Ban sani ba ko akwai mutum a bayansa da ya dawo, a ƙarƙashin tampol, a zaune ko a kwance.

Ban sani ba ko an mai da Yaya Dauda wani bariki, ko an wuce da shi arewa inda ake kai irin waɗannan, ko kuwa sunansa yana rubuce a wani wuri ma.

Ban sani ba ko da na ci gaba da cewa tsakuwa ce da sun gaji sun bar mu, ko da sun kashe shi a gabana.

Yaya Dauda ya san hanyoyin dajin nan fiye da su, yana iya yawo da su har mai ya ƙare. Amma dole akwai inda ya ce musu su tsaya, suka sauko, suka duba, ba su ga komai ba sai ƙasa. Ban san inda ne ba, kuma ban san abin da ya ce musu a wurin ba.