Kanwa a Taliyar Mama Lan

Tremont, daren Laraba, 14 ga Oktoba, 2015

Yau Mama Lan ta ci abinci. Tun makon jiya tsohuwar nan da nake jinya take ture kwano. 'Yarta ta ce in aka ci gaba haka sai gidan tsofaffi, ni kuwa na san ba za ta daɗe a can ba.

Kullum zancenta Hoi An, tsohon garinsu a Vietnam: gidaje masu ruwan ɗorawa, fitilun alharini a bakin kogi, da wata taliya mai kauri da ake kwaɓawa da ruwan toka. Da na ji toka sai na tuna kanwar da nake girki da ita. Na jiƙa, na tace, na kwaɓa garin shinkafa, na sa kaza maimakon aladen da suke sawa, tunda ba na taɓa shi. A bas, a hanyar kai mata, ina ta tunanin ko shisshigi na yi.

Ta tauna a hankali, ido rufe.

"Ba haka ake yi ba, Hajara," in ji ta. "Ruwan rijiyarmu daban ne."

Sai ta miƙo kwanon.

"Ƙaro mini. Zo mu ci a bakin kogi."

Muka zauna jikin taga. Motoci na wucewa, tana nuna mini su wai kwale-kwale ne. Wallahi kamar na ga fitilun suna lilo a kan ruwa.

Na kira 'yarta, ta ce a bar maganar gidan tsofaffi tukuna. Gobe zan rage kanwar kaɗan. Ko in bar ta haka?