Zobe a Ƙafar Baƙo

Jiddari Polo, Maiduguri
Litinin, 17 ga Maris

Baban Najiba,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Yaya jikinka, yaya kasuwar shanun Legas? Mu lafiya lau, sai zafi. Direban tirelarku na ba takardar nan don a waya ba zan iya ba, ka san kunnen Hajiyarka ko ta bayan bango yana ji.

Wata uku ke nan ina bin Praise, maƙwabciyarmu mai karatun dabbobi a jami'a, zuwa kallon tsuntsaye a gonakin bakin kogin Ngadda duk Asabar da sassafe. Kai ka ce rashin aikin yi ne. To, da ka zo ka gani yanzu! Tsuntsayen da suka yi rani a nan duk sun taru suna ta cin abinci, za su koma ƙasashen Turawa. Ranar Asabar kala goma sha bakwai na ƙirga da madubin hangen nesanta, har na manta na bar wake a kan wuta.

Jiya da hantsi wani ɗan mitsitsin tsuntsu mai rawayan ciki ya taso ta katangar Malam Ba'ana, ya bugi gilashin tagarmu ya faɗi. Na ɗauka, sai ga zoben ƙarfe a ƙafarsa da rubutu. Wallahi murna ta kama ni. Hajiya kuwa ƙafar kawai ta hanga ta hau salati, ta ce ture ne aka yo mana, kuma ba kowa ba ne sai Malam Ba'ana, saboda faɗan da suka yi a kan reshen darbejiya. A ƙofar gidansa ta faɗa da ƙarfi, matarsa tana ji. Ta sa na kife tsuntsun da kwando, ta ce ranar Juma'a malami zai zo a ƙone shi, kuma babu mai taka bikin 'yarsu Zainaba daga gidan nan.

Shekara ashirin fa muna cin abincin juna da mutanen nan. Raina ya ɓaci ƙwarai. Praise ta ɗauki hoton lambar zoben ta aika wa masu sa shi. Kafin amsa ta zo, matarka ta koma farautar gara da ƙuda, don baƙon nan ko kallon gero ba ya yi.

Ka yi mana addu'a. Najiba tana gaishe ka.

Taka,
Zulaiha

Alhamis, 20 ga Maris

Baban Najiba,

Gaisuwa da fatan kana lafiya. Zauna tukuna kafin ka karanta.

Amsa ta zo jiya! Wani tsoho ne a ƙasar Suwidin ya sa masa zoben shekara uku da suka wuce, a makiyayar shanunsa, har da hoton wurin ya turo. Praise ta ce hamada da teku ɗan abin nan yake ƙetarewa sau biyu duk shekara, shi da bai kai nauyin ƙwallon goro biyu ba. Sai da na yi guɗa ni kaɗai a kicin.

Na kai wa Hajiya wayar. Ta ce Turawa ma ai sun iya ƙarya. Amma ka san ta da shanu, ido ya ƙi barin hoton. Ta zagi gajerun ƙahonninsu, ta yaba hantsarsu, can ta ce in ɗaga kwandon kaɗan. Sai a lokacin ta kalli tsuntsun sosai. Yana takawa yana kaɗa wutsiya sama da ƙasa. Ta ce ta san shi. Shi ne mai yawo a tsakanin ƙafafun shanunku a bakin tafki, in ya ɓace sun san lokacin tashi ya kusa. Rabonta da shi tun barinku daji. Ta ce ashe ɗan makiyaya ne, a hanyar gida yake, ita ta tsare shi kwana uku. Ban taɓa ganin hawayen Hajiya ba sai jiya, ni ma na taya ta.

Da hannunta ta ɗage kwandon. Ya sauka a kan darbejiyar, ya karkaɗe jiki, fir, ya yi arewa.

Na ɗauka shi ke nan. Yau da safe ta dama fura da nono mai kyau, ta yafa mayafin fita unguwa, ta ce in riƙo ƙwaryar. Uwarka fa, wadda ka ce ko mahaifinka bai taɓa jin ta ba da haƙuri ba. A ƙofar da ta yi zargin ta tsaya, ta ƙi shiga, ta ce da ƙarfi ta faɗa, da ƙarfi za ta janye. Ta yi sallama sau uku, maƙwabta suna leƙowa. Malam Ba'ana ya fito, ya dube ta, ya dubi ƙwaryar, ya juya ya ce wa matarsa ta kawo tabarma da ludayi uku.

Allah ya dawo mana da kai lafiya. Ka yi ƙoƙari ka zo kafin ɗaurin auren Zainaba.

Matarka,
Zulaiha