Gicciyen Harland

Talata, 27 ga Oktoba, 1964
Ƙafafuna kamar ba nawa ba. Shanu ashirin da biyu, daga ni sai mijina Harland tun da aka ɗauki ɗanmu Wendell soja. An sake sa ni cikin masu ƙirga ƙuri'ar zaɓen shugaban ƙasa. Ba wanda ya tambaye ni ko ina so.

Juma'a, 30 ga Oktoba
Wasiƙar Wendell, layi huɗu. Ɗan takararmu na Rifablikan kuwa, ni dai zancen yaƙi kawai nake ji a bakinsa. Na ce wa Harland mutumin nan tsoro yake ba ni. Ya ce, "Thelma, jihar Vermont ba ta taɓa zaɓen Dimokurat ba, ba kuma a gidana za a fara ba." Ya ɗauki bokiti ya fita.

Litinin, 2 ga Nuwamba
'Yan Dimokurat tara ne a garin nan, kowa ya san su. Gobe in na ƙara ƙuri'ata aka ga goma, da ido za a bi mu gida-gida. Shekara talatin da ɗaya ban ɓoye wa Harland komai ba. In ya gane, ba faɗa zai yi ba, gaba zai ɗauka. Ƙaninsa ya sha ta shekara shida. Ba zan iya ba, a gidan da ba kowa sai mu biyu.

Talata, 3 ga Nuwamba
Na yi. Na sa gicciyena a gefen Dimokurat a takardar ƙuri'a.

Ƙirga kamar kullum, mutum biyu-biyu, ɗaya daga kowace jam'iyya. Ni da Leona Gagnon 'yar Dimokurat: ina buɗewa ina karantawa, tana jan layi. Da nasu suka wuce arba'in ta ce, "Thelma, ko hayayyafa muka yi ban sani ba?" Ban iya dariya ba.

Sai ga wata takarda. Tun da injin yankan ciyawa ya cinye masa yatsu biyu, da dunƙulen hannu Harland ke riƙe fensir. Gicciyensa kan huda takarda a tsakiya, jelar ta gangaro hagu. Kullum ina ganinsa a kalandar garke. Ga shi nan, a gefen Dimokurat.

Leona ta ce, "Karanta mana, baiwar Allah, ƙafata ta yi tsami." Na karanta.

Laraba, 4 ga Nuwamba
Rediyo ya ce jihar ta juya, karon farko. Harland ya kashe shi. "Mutane sun lalace," in ji shi. Na ce, "Sun lalace kam." Ya daɗe yana kallon kofinsa.

Asabar, 7 ga Nuwamba
Ba abin rubutawa. Sanyi, tatsa, ciwon baya. Bayan abincin rana ya zauna zai rubuta wa Wendell, abin da bai taɓa yi ba. Fensir ya huda takardar. Na miƙa masa wata, ya karɓa da hannun nan nasa. Na ɗan jima ban saki ba. Gajiya ce, ina jin.