Harshen da Ban San Na Iya Ba

Zuwa ga Malam Garba mai amsa takardu a Maraɗi, gaisuwa da fatan alheri.

Malam, ka taimake ni da shawara, don abin da ke damuna ba ciwo ba ne balle in kai wa mai magani, ba kuma ƙara ba ce balle in kai wa alƙali. An ce mini kana karanta takardun mutane a zaurenka ran Juma'a ba tare da ka faɗi suna ba, sannan ka ba fatake amsa su kawo. Ni ban iya rubutu ba. Maƙwabciyata Binta, matar liman, ita ke riƙe da alƙalami, kuma na roƙe ta ta rubuta yadda na faɗa, ko da na yi ta kewaye-kewaye. Ban sa sunana ba, ko da yake duk wanda ya ci kasuwar Madarunfa bana zai gane ni.

Ni tsohuwa ce, na ba hamsin baya. Mijina masunci ne a tabkin nan namu, ya rasu shekarar da annoba ta kashe shanu. Ina zaune gidan ɗana, ina soya kifi ina sayarwa a bakin kasuwa.

Farkon daminar nan, ran kasuwa da rana tsaka, wani dattijo ya shigo ta ƙofar yamma yana tangaɗi, ƙafafunsa duk sun faffashe. Ya faɗi gindin tsamiya yana cewa, "Hari, hari." Ka san zaman ɗar-ɗar da ake yi a ƙasar nan. Nan take mata suka kwashi 'ya'ya, mai gishiri ya bar gishirinsa, maza suka ruga ɗaukar kwari da baka, wani har ya hau itace yana neman hango mahara. Ni kuwa sai na ga kaina tsugune gaban mutumin da ƙwaryar ruwa a hannu. Ban yi shawara da zuciyata ba. Ya sha, ya ɗago kai ya ce, "Fofo." Bakina ya ce, "Ngoyya." Malam, sai da na waiwaya in ga wa ya yi maganar.

Ashe Bazabarme ne, sunansa Alfa Hamisu. Ya fito da niyyar hajji a ƙasa, zazzaɓi ya raba shi da ayarinsa. A harshensu hari shi ne ruwa, fofo godiya ce, ngoyya kuma amsarta. Da hankali ya kwanta aka yi ta dariya, daga nan aka juyo kaina, wai ina na san haka?

Dattawan gari sun san amsar, sun daɗe da yin shiru a kanta. An kawo ni garin nan ina 'yar shekara biyar ko shida, aka sayar da ni gidan Kanta marini. Matarsa Inde ta riƙe ni kamar ɗiyarta, ta sa mini sunan 'yan Litinin saboda ranar aka kawo ni, kuma kafin ta rasu ta sa aka 'yanta ni aka yi mini aure. Na ɗauka duk abin da na zo da shi ya zube a hanya. Shekara arba'in da 'yan kai da Hausa nake ciniki, da ita na yi naƙuda, da ita na yi kukan mijina. In cacar baki ta tashi a kasuwa ba mai son ta haɗa shi da ni, don ba wadda ta fi ni iya habaici.

Liman ya sauki baƙon a zaurensa, ya ce ya zauna har kaka. Ni ke kai masa kunu. Kullum yakan nuna abu ya faɗi sunansa. Wani in ji shi baƙo a kunnena, wani kuma in riga shi faɗa. Na iya ƙirga har biyar, afo, ihinka, ihinza, itaci, igu, daga nan sai duhu. Na san sunan wuta da nono da akuya, na san yadda ake ce wa yaro zo, zauna, bari. Amma ban san yadda ake cewa miji ba, ko ciniki, ko mutuwa. Abin da ya fi ba ni mamaki ke nan. Da Hausa ni kaka ce, ana shakkar bakina. Da na buɗe baki da Zabarmanci sai in koma yarinya, muryata ma takan sirance, kunya ta kama ni, in rasa inda zan sa hannuwana. Alfa ya ce maganata irin ta mutanen bakin babban kogi ce. Yana faɗa na tuna wani ruwa mai faɗi da kwale-kwale a kansa, da wata mace mai wushirya tana ɗaura mini wuri a wuya. Sunana na farko ne ya ƙi zuwa. Alfa ya jero mini sunayen mata sun fi talatin, ko ɗaya bai motsa ni ba.

Ɗana, bari in ce da shi Lawali, bai ji daɗi ba. Bai taɓa sanin asalina ba, a kasuwa ya ji. Dattawan masunta suna shirin naɗa shi sarkin ruwa a madadin baffansa da ya tsufa, yanzu kuwa masu neman sarautar tare da shi sun fara kiransa ɗan Bazabarma, wasu ma ɗan baiwa. Ya same ni ya durƙusa ya ce, "Inna, don Allah ki bar zuwa zauren nan, kuma ki bar koya wa Hauwa yaren nan." Hauwa ɗiyarsa ce, ya ji ta tana ƙirga kaji da afo da ihinka. Ban yi musu da shi ba. Kwana tara ke nan ban je ba, amma kalmomin ba su bar zuwa ba. Jiya ina gyaran kifi sunan gishiri ya faɗo mini, ba wanda zan tambaya ko daidai ne.

To Malam, ni wace ce, Bahausa ko Bazabarma? Wannan mai muryar yarinya, ina ta zauna duk shekarun nan? In zan roƙi Allah, da wane harshe ya fi dacewa, kuma a kabari da wanne za a tambaye ni? Sannan an ce bayan kaka akwai fataken kanwa da za su yi yamma har bakin kogin, zuciyata tana ce mini in bi su. Alfa kuma zai wuce gabas da an yanke gero, daga nan ba ni da sauran mai amsa mini. In bi maganar ɗana in rufe bakina, ko in bi wannan abu da ban san inda zai kai ni ba?

Daga mai soya kifi, Madarunfa.

Amsar Malam Garba

Uwar Lawali, na amsa gaisuwarki. A gaishe mini da Malama Binta, rubutunta ya fita sarai.

Bari in fara da mai sauƙi. Wanda ya halicci harsuna ba ya buƙatar tafinta. Salla da Larabci, roƙo kuwa da duk harshen da ya riga zuwa bakinki. Zancen kabari malamai sun yi maganganu a kai, ni abin da na natsu da shi shi ne ba za a tambayi mutum da abin da ba zai gane ba.

Ke Bahausa ce, kuma ba aro kika yi ba. Harshen da mace ta haihu da shi, ta yi takaba da shi, nata ne, ba mai ƙwace mata. Ke kuma Bazabarma ce, don wata uwa ta goya ki da wancan harshe tana nufin ki girma a cikinsa, aka katse mata. Muryar yarinyar da kike ji dalilinta a fili yake. A shekara shida aka tsayar da koyonki, kalmomin 'yar shekara shida ke hannunki. In kika ƙara koyo za ta girma.

Lawali kuwa, kada ki ɗauke shi marar kunya. Ya ji labarin uwarsa a bakin 'yan kasuwa a lokacin da ya fi buƙatar mutunci, kuma gorin asali yana hana mutum abin da ya cancanta, na ga haka ba sau ɗaya ba. A nan akwai ɗan laifinki, daga bakinki ya kamata ya fara ji. Amma shi ma ya yi kuskure. Shirunki ba zai mayar da maganar da ta riga ta fita ba, sai dai ya nuna wa abokan takararsa cewa akwai abin kunya. Ki kira shi ku biyu, ki ba shi labarin tun daga kogin har gidan Kanta. Ki roƙi liman ya tuna wa dattawan masunta cewa sanin ruwa ake naɗawa, kuma uwar Lawali 'yantacciya ce da aka ɗaura wa aure a gaban shaidu. Hauwa 'yarsa ce, kada ki koya mata a ɓoye. Ki nemi izininsa, in ya ce a bari sai bayan naɗi, ki bari.

Zauren liman ki koma, da sanin Lawali, tare da Binta da alƙalaminta. Kwanakin da suka rage kafin yankan gero kaɗan ne. Duk kalmar da ta zo a rubuta ta da ma'anarta, kuma ki matsa wa Alfa ya ba ki kalmomin manya, waɗanda ba ki kai ga ji ba.

Tafiya yamma ban yarda miki ba. Hanya ba lafiya, ba ki san gari ba, ba ki san sunan kowa ba. A maimakon haka Alfa ya rubuta takarda da abin da kika tuna da kimanin shekarar da aka ɗauke ki, a ba madugun fataken ya sa a karanta a kasuwannin bakin kogi. Mai yiwuwa ba abin da zai dawo, ki shirya wa haka. Mai yiwuwa kuma wata tsohuwa ta ji. Sunanki na farko kada ki matsa masa, kada kuma ki karɓi wanda ba ki tabbatar ba don kawai ki huta.

Na karanta takardarki a zaure ran Juma'a kafin in rubuta wannan amsa. Da aka watse, wani dattijo maɗinki da na sani shekara ashirin ya ƙi tashi. Ya jira kowa ya fita, ya matso kusa, ya faɗa mini kalma huɗu na wani harshen kudu da ko sunansa bai sani ba. Ya ce da su uwarsa ke kiransa cin tuwo, kuma 'ya'yansa ba su taɓa jin su ba. Ya ce in gaishe ki ƙwarai.

Allah ya zaɓa wa Lawali abin da ya fi alheri, ya kai Alfa Hamisu lafiya, ke kuma ya ƙara miki lafiya da tsawon rai.

Malam Garba, Maraɗi.