Bana Babu Buhun Albasa

Birnin Kebbi,
Jihar Sakkwato.
Nuwamba, 1986.

Zuwa ga ƙanena Malami,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da abokan karatunka a Zariya. Allah ya buɗa maka ƙwaƙwalwa, ya sa karatun lauyan nan ya amfane ka, ya amfani jama'a. Mu nan Gwadangaji, gefen Birnin Kebbi, kowa lafiya. Maiɗakina Maryamu ta warke daga zazzaɓin da ta yi, Nana kuma ta shiga aji uku, har ta fara gyara wa uwarta karatu. Na je gida makon jiya. Inna Kulu tana nan da ciwon gwiwarta, Baba kuwa jikinsa lafiya, sai dai ya rage magana. Dalilin rage maganar nan shi ya sa na zauna rubuta maka.

Ka san abin da ya faru bara, ko da yake a taƙaice aka ba ka labari. Albasar Baba ta gonar fadama ta fara ƙwai, sai aka saki ruwa daga madatsar can sama a tsakiyar rani. Ba sanarwa, ba shela. Gulbi ya hau, ya kwanta a kan kunyoyi har albasa ta ruɓe a ƙasa. Ba Baba kaɗai ba, duk masu gonakin ƙasa-ƙasa daga garinmu har kusa da Augie haka suka tashi. Da ruwan damina ne, manomi ya san alamunsa tun yana yaro. Amma wannan ruwa ne da mutum yake buɗewa da hannunsa, kuma mutumin ya san ranar da zai buɗe.

Saboda haka na ce abin mai sauƙi ne. Ban nemi diyya ba, ban nemi a hukunta kowa ba. Abin da na nema kawai shi ne a riƙa gaya wa manoma lokacin sakin ruwa, ko a rediyo, ko a aiko wa mai gari ya sa a yi shela. Na fara da ofishin masu aikin ruwa a Argungu. Akawun wurin ya ce ba su ke da madatsa ba, in tafi Birnin Kebbi. A nan aka ce in tafi Sakkwato. A Sakkwato na yini a kan benci, sannan wani jami'i ya karɓe ni da fara'a, ya ce lallai akwai tsarin ranakun, yana nan cikin ofishin, amma sirrin aiki ne, kuma shi ya yi rantsuwa ba zai fitar da sirrin gwamnati ba. Na tambaye shi wane abokin gaba ake ɓoye wa ranar da ruwa zai shiga gonar albasa. Ya yi dariya, ya ce in gai da mutanen gida.

Daga nan na tafi ofishin sauraron koke-koken jama'a, wanda nake koya wa ɗalibaina cewa an kafa shi ne don talaka ya kai kukan ma'aikatan gwamnati. Wallahi, Malami, ranar na fito da murna. Mai binciken da aka ba ni shi ne Malam Sikiru, ɗan Alhaja Alake mai sayar da atamfa a kasuwar Birnin Kebbi. A garin nan aka haife shi, Sakkwatancinsa ya fi nawa. Ya saurare ni har ƙarshe, ya ce suna da ikon tambayar ma'aikatar, kuma dole ta amsa. Amma ya ce ni malamin makaranta ne, ba ni da ko kunya ɗaya a fadama. Sai masu gona sun faɗa da bakinsu cewa an cuce su, sannan maganar za ta yi nauyi. Na ce wannan ai ba wuya, mutanen da suka shekara suna kukan abin nan a bakin masallaci!

Ka san garinmu, baƙon gwamnati ba ya shiga sai an sanar da mai gari. Shi kuwa da jin haka ya sa aka share ƙofar gida, aka shimfiɗa tabarmi, aka yanka rago, aka yi tuwon shinkafa. Sikiru ya zo tare da injiniyan masu ruwa, don a ji ta bakin kowane ɓangare. Aka zaunar da injiniyan kusa da Baba, suka ci a akushi ɗaya. Mutumin kirki ne a fuska, har ya tambayi Baba lafiyar iyali, ya yaba miyar. Kawu Tamba, taubashin Baba, yana ta tsokanata, wai ga Riskuwa ɗan boko ya kai gulbi ƙara, a jira a ga ɗan sandan da zai sa masa ankwa. Kowa ya yi dariya, har da ni.

Da aka wanke hannu, Sikiru ya miƙe ya tambayi jama'a ko akwai wanda sakin ruwa ya cutar. Duk aka dubi Baba, don shi ne babba cikin masu gonakin ƙasa. Baba ya gyara zama, ya ce sai godiya, suna lafiya, sun gode wa gwamnati da ta tuna da su. Sikiru ya gane abin da ke faruwa, ya durƙusa gabansa, ya kira shi Baba, ya ce albasar bara fa? Baba ya ce bara ta wuce, abin da ruwa ya ci ba rabonsu ba ne. Sikiru ya juya ga sauran ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce abin da Malam Labbo, wato Baba, ya faɗa shi ke nan. Ina tsaye a gefe, na ga ya mayar da alƙalaminsa aljihu. A bakin mota ya kama hannuna, ya ce ya san gaskiyar kamar yadda na sani, amma ba zai iya rubuta abin da ba a faɗa ba.

Da baƙi suka tafi na bi Baba zaure, raina a ɓace. Shi ma nasa a ɓace yake. Ya ce wane irin ɗa ne zai kawo masa mutum su sa hannu a akushi ɗaya, sannan ya so shi ya tona wa baƙon asiri a gaban jama'a, a ƙofar mai gari, man miya ko bushewa bai yi a hannunsa ba? Ya ce da yaron nan Sikiru ya zo shi kaɗai ya same shi a gona, da ya nuna masa har inda ruwa ya tsaya a jikin giginya. Tarbiyyar da ya yi mana ke nan, kuma da ita ake yabon gidanmu.

Yanzu lokacin dashe ya zo, kuma har yau ba wanda ya san ranar ruwa. Baba ya ce ba zai sake binne wahalarsa ba. Irin albasar da ya yi reno, ya tuge shi ya ba Kawu Tamba, mai gona a tudu. Tamba ya karɓa bai yi ko wasa ɗaya ba. Gonar da kakanmu ya sare tana nan ciyawa ta fara rufe ta, Baba kuma yana maganar tafiya ci-rani, abin da bai taɓa yi ba ko da ƙuruciya. Inna kuwa har ta wanke masa kaya ta ninke.

Sikiru ya ce ana iya sake buɗe maganar in mai gona ya zo ofis da kansa. Ni Baba ba ya saurarena a kan wannan yanzu, amma kai auta ne, yana jin taka. Ka zo da zarar an ba ku hutu, kafin ya tafi. Kuma ka tambayi malamanku ko akwai dokar da ta ba talaka ikon a gaya masa abin da ya shafi abincinsa. In babu, ka riƙe wannan a ranka, kada ka bar karatunka ya yi sanyi. Ɗalibaina sun tambaye ni yadda ƙarar ta ƙare, na ce musu ba ta ƙare ba tukuna.

Inna Kulu tana gaishe ka, da Maryamu, da Nana, da 'yar'uwarmu Adama da mijinta. Ka gai da Hodi abokin ɗakinka, ka ce masa ya yi haƙuri, bana ba za ku ga buhun albasar da Baba ke aiko muku ba. Baba ya ce in gaya maka wai direban ne ya daina bin hanyar Zariya, don kada hankalinka ya tashi. Na shekara ina tsayawa a ƙofofi ana ce mini ba sai na sani ba. Ba zan faɗa wa ƙanena haka ba.

Allah ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Naka wanka,
Riskuwa Labbo